Ciwon ɓargo ne da Babanmu, to me ya kawo zubar jini a hanji?

Ummu Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a zauren nan ina karatu kawai, yau dai abin ya fi ƙarfina. Mahaifinmu ne, shekararsa 63. Shekara huɗu ke nan da aka ce yana da ciwon ɓargo, wanda likitoci ke kira mayelofaibirosis. Saifarsa ta kumbura har ta sauko ƙasan cibiya, ana ganin tudunta ta cikin riga. Bara aka ga gudan jini a babbar jijiyar da ke shiga hanta, aka ɗora shi kan wafarin, maganin tsinka jini.

Sati uku da suka wuce bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, ga wani irin wari. Kwana biyu muna cewa ko wani abu ya ci. Rana ta uku ya miƙe zai shiga banɗaki, jiri ya kwashe shi. A asibiti aka ce jininsa ya sauka zuwa 6, aka ƙara masa leda biyu. An zura kyamara ta baki, an ga jijiyoyi sun ɗan kumbura a hanyar abinci, amma ba su ke zubar ba. An zura ta ƙasa, babu komai sai tsohon jini. Aka sallame mu. Kwana tara abin ya dawo. Jiya aka yi hoton CT, suka ce akwai kumburarrun jijiyoyi a ƙaramin hanji.

Me ya haɗa ɓargo da hanji don Allah? Kuma Yayanmu ya dage a bar wafarin gaba ɗaya, a cire saifar kowa ya huta. Ni kaina ya ɗaure.

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Subhanallah. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Baban Yusra: Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai a nawa sanin, baƙin bayan gida olsa ce. Haka ta yi min. A ba shi maganin olsa na wata biyu a gani.

Sista Mai Aikin Dare: Baban Yusra, ka karanta bayaninta kuwa? An leƙa tumbin da kyamara ba a ga gyambo ba. Baƙin bayan gida alama ce kawai cewa jini ya zuba a sama ya daɗe a hanji har ya narke. Olsa na kawo shi, wasu abubuwan ma na kawo shi. Ummu Hanifa, yana shan ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe? Ita ma tana baƙanta bayan gida, sai dai ba ta sa shi danƙo da wannan warin. Tunda jininsa ya faɗi zuwa 6, ba zancen ƙwaya ake ba, na tambaya ne saboda masu karatu.

Ummu Hanifa: Ba ya sha Sista.

Baban Yusra: To na janye. Ni iya abin da na sani na faɗa.

Likitan Jini: Wa alaikumus salam Ummu Hanifa. Ban ga Baba ba, ban ga hotunansa ba, saboda haka masu duba shi su ne da hukunci. Zan yi miki bayanin yadda abin yake ne domin ki fahimci maganarsu.

Jinin da ya fito daga hanji da tumbi da saifa ba ya wucewa zuciya kai tsaye. Duk yana taruwa a jijiya guda, jijiyar ƙofar hanta, ya ratsa hanta a tace shi tukuna. Kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da hanta ke samu ta wannan jijiya yake shigowa. Hanya ce mai sauƙin matsi. Bambancin matsi tsakanin shigar jinin da fitarsa daga hanta ba ya wuce 5 a ma'aunin da muke amfani da shi. In ya kai 10 jijiyoyin gefe sukan fara kumbura, daga 12 zuwa sama kuwa suna iya fashewa.

Yanzu ga ɓargo. A ciwon Baba, cikin ƙashi ya cika da zare-zaren tabo, wurin ƙera jini ya ƙuntata. Sai saifa da hanta su koma tsohuwar sana'arsu, don tun muna cikin mahaifa su ne ke ƙera mana jini kafin ɓargo ya karɓi aikin. Saifar lafiyayyen mutum nauyinta wajen giram 150 ne. Ta mai wannan ciwon tana iya kai kilo biyu, uku, har fiye. Duk jinin da ke ratsa wannan ƙatuwar saifa a jijiyar ƙofar hanta zai juye. Wannan ɗaya ke nan, ruwa ya fi ƙarfin magudana. Na biyu, ƙwayoyin da ke ƙera jini sukan cushe 'yan ƙananan hanyoyin cikin hanta, magudanar ta ƙara tsukewa. Na uku shi ne wanda aka gani bara: irin wannan ciwon na sa jini saurin daskarewa, musamman a jijiyoyin ciki, sai guda ya toshe hanyar.

Jini ba zai tsaya ba, sai ya nemi ɓarauniyar hanya. Ƙananan jijiyoyin da ba a yi su don ɗaukar wannan nauyi ba su ne ke buɗewa su kumbura. Mafi yawa a ƙarshen hanyar abinci da saman tumbi ake ganinsu. Amma suna iya fitowa a farkon ƙaramin hanji, ko tsakiyarsa, ko babban hanji, ko kusa da dubura. Waɗannan na nesan ba su wuce kashi 5 cikin 100 na zubar jinin kumburarrun jijiyoyi ba, shi ya sa ba su ne ake fara zato ba.

Ummu Hanifa: Allah ya saka da alheri Dakta. Wallahi yau na fara ganewa. Amma me ya sa kyamara biyu ba su gani ba? Yaya cewa yake sakaci ne.

Likitan Jini: Ƙaramin hanji tsawonsa ya kai wajen mita shida. Kyamarar baki tana tsayawa ne a farkonsa, ta ƙasa kuma da ƙyar take leƙa ƙarshensa. Tsakiyar nan duka ba sa isa. Don haka ake komawa ga CT da ake ɗauka daidai lokacin da ruwan hoton da ake ɗura wa mutum ta jijiya ya cika jijiyoyin ciki, ko 'yar kyamarar da ake haɗiyewa kamar ƙwayar magani, ko doguwar kyamara mai balan-balan biyu da ke tattaro hanjin tana kutsawa. Ga wani abu kuma: idan jinin mutum ya zube sosai, jijiyar da ta fashe takan lotsa ta kwanta, mai dubawa ya wuce ta ya ɗauka naɗin hanji ne. Ba zan ce an yi sakaci ko ba a yi ba, ban kasance a wurin ba. Amma rashin gani a karon farko abu ne da aka saba da shi a irin wannan.

Ɗan Autan Inna: Dakta afuwan, na kusa da dubura ɗin nan ba shi ne basir ba?

Likitan Jini: A'a, daban suke, kuma rikita su na da haɗari. Wanda ya yanke kumburarriyar jijiyar dubura da sunan basir zai ga jinin da bai taɓa gani ba.

Abu Nabil: Ummu Hanifa, bari in ba ki nawa labarin, ko zai rage miki wani abu. Ni ta baya abin ya zo min. Ina da shekara 34, lafiyata ƙalau, wani dare na yi aman jini cikin kwano. Aka ɗaure min jijiyoyi biyar da roba a hanyar abinci. Daga nan aka shiga neman ciwon hanta. An yi awon ciwon hanta na B da na C, babu. An duba tsutsar ruwa mai lalata jijiyoyin hanta, babu. A wani asibiti da ba zan ambata ba, sau huɗu likita yana rufe ƙofa yana tambayata in faɗa masa gaskiya ko ina shan giya. Har matata ya kira gefe ya tambaya. Abin ya fi aman jinin yi min ciwo.

In ba lokacin zubar jinin ba, awon jinina kullum daidai yake fitowa, shi ya sa ba wanda ya kawo ɓargo a ransa. Sai bayan wata bakwai wata likita ta ce a yi awon JAK2, wato a duba wani canjin ƙwayar halitta da ake samu a masu ciwon ɓargo. Ya fito akwai. Aka ɗebi ɓargo, aka ce folisaitimiya bera ce, ciwon yawan jini. Na ce yawan jini kuma, ni da ake ƙara wa jini? Ta ce saifar da ta kumbura na riƙe ƙwayoyin, ruwan jikin ya ƙaru ya tsarma sauran, zubar jinin kuma ta cinye sinadarin ƙarfen da ake ƙera su da shi. Ciwon yana nan, lissafin ne ya ɓoye shi.

Shekara shida ke nan ina kan maganin tsinka jini. Ina aiki, ina tuƙi.

Maman Biyu: Ikon Allah. Mai yawan jini ana ƙara masa jini.

Likitan Jini: Abu Nabil ya faɗi abin da nake so duk wanda ke nan ya riƙe. An gano canjin JAK2 a shekarar 2005. Ana samunsa a wajen kashi 95 cikin 100 na masu folisaitimiya bera, da fiye da rabin masu mayelofaibirosis da masu ciwon yawan ƙwayoyin tsayar da jini. Duk wanda aka ga guda a jijiyoyin cikinsa alhali hantarsa ba ta ƙeƙashe ba, kuma babu daji, ya kamata a yi masa wannan awon ko da lissafin jininsa ya fito tsaf. Kusan ɗaya cikin uku na irinsu ciwon ɓargo ne a ƙasan maganar.

Yaya Babba: Salamu alaikum. Ni ne yayan nata, ita ta turo min in shigo in karanta. Na karanta duka, na gode. Amma Dakta ka yi haƙuri, ni har yanzu ban gamsu ba. Mutum jini na zuba a cikinsa, ku kuma kuna ba shi maganin da ke hana jini tsayawa. Wannan ko yaro ya san bai yi ba. Kafin a fara wafarin ɗin nan shekara uku yana da ciwon bai taɓa zubar da jini ba. An fara, ga shi nan. Na biyu, kai da bakinka ka ce saifa ce ke turo ruwan da ya fi ƙarfin magudana. To a cire ta mana. Ina da aboki da aka cire wa saifa bayan haɗarin mota, yana nan garau.

Ummu Hanifa: Yaya don Allah a hankali.

Yaya Babba: Ba faɗa nake ba. Ni na ɗauke shi daga ƙasan banɗaki, ke ba kya nan.

Baban Yusra: Gaskiya maganar Yaya Babba akwai ƙamshin gaskiya. Ni ma na tsaya a nan.

Likitan Jini: Ranka ya daɗe, tambayarka ita ce ainihin matsalar, kuma mu ma a kanta muke sa-in-sa a tsakaninmu. Bari in bi su ɗaya-ɗaya.

A lokacin da jini ke zuba, kana da gaskiya ɗari bisa ɗari. Ana tsayar da wafarin, in ta kama ma a karya ƙarfinsa da bitamin K da sauransu. Na tabbata an yi hakan. Inda muka rabu shi ne kalmar "gaba ɗaya". Wafarin bai ƙirƙiro jijiyoyin nan ba, matsi ne ya kumbura su, kuma gudan da aka gani bara na cikin abin da ya ɗaga matsin. Wato abin da ya sa aka fara maganin shi ne kuma ya kawo jijiyoyin, shi ya sa kake ganin kamar sun zo tare. Wafarin na iya sa zubar ta yi yawa ko ta daɗe, ban musa ba. Amma idan aka bar shi har abada, ciwon ɓargon bai daina daskarar da jini ba. Gudan zai iya tsawo ya gangara cikin jijiyar da ke kwashe jinin hanji. Idan wannan ta toshe, hanji na iya mutuwa, kuma wannan ya fi abin da kuke ciki yanzu muni. Ko bai kai haka ba, ƙarin toshewa ƙarin matsi ne, ƙarin matsi kuma sababbin jijiyoyi.

Saboda haka abin da aka fi bi shi ne a fara toshe jijiyar da ke zubar, a sauke matsi da magani, sannan a dawo da mai tsinka jinin a hankali. Sau da yawa da allurar hefarin ake farawa, don ƙarfinta na saurin barin jiki idan an tsaya. Yaushe za a dawo, da nawa, wannan ya dogara da adadin ƙwayoyin tsayar da jininsa da kuma yadda toshewar ta yi kyau. Akwai majinyacin da ake haƙura a bar maganin, ba na cewa babu. Amma shawara ce da likitan jini da likitan hanta za su zauna su yanke, ba a gida ba.

Yaya Babba: To saifar fa?

Likitan Jini: Saifar abokinka lafiyayya ce ta fashe. Ta Baba masana'anta ce mai nauyin kilo-kilo, da jijiyoyi kamar yatsu, a jikin dattijon da jininsa ke daskarewa kuma yake zuba a lokaci guda. Asibitin Mayo a Amurka ya fitar da rahoto a shekarar 2000 kan mutum 223 masu wannan ciwon da aka cire wa saifa. Kashi 9 cikin 100 sun rasu sanadin aikin, kusan ɗaya cikin uku sun samu babbar matsala, zubar jini ko guda ko ƙwayar cuta. Daga baya adadin ya ɗan ragu, amma har yau ba ƙaramin aiki ba ne. Bayan an cire, ƙwayoyin tsayar da jini na iya hauhawa su kawo sabon guda a jijiyar da ake son ceta. Hanta kuma na iya ƙara girma tunda aikin ƙera jinin ya dawo kanta ita kaɗai. Sannan wanda ba shi da saifa, wasu ƙwayoyin cuta da zazzaɓin cizon sauro sun fi yi masa illa, dole a yi masa rigakafi tun aƙalla sati biyu kafin aikin.

Duk da haka akwai wanda cire saifar ce maganinsa. Idan jijiyar saifa kaɗai ta toshe, ko aka tabbatar yawan kwararar ne babban dalili kuma hanyar cikin hanta a buɗe take, cirewa na iya kashe maganar. Idan kuwa toshewar a ƙofar hanta take ko a cikinta, ka cire saifa ka bar matsalar a inda take.

Likitan Hanta: Na shigo a makare. Ƙari kaɗan kan na abokin aikina, har da ɗan saɓani. Ni a ganina ana saurin tsorata mutane da cire saifa. Wanda saifarsa ta kai ƙasan cibiya, ba ya iya cin abinci, kullum ƙarin jini, magani kuma ya gaza, jinkirta aikin har ya rame ya ƙare shi ne ke sa aikin ya yi kisa. In za a yi, gara a yi da sauran ƙarfi. Amma na yarda ba ita ce matakin farko a nan ba.

Matakin farko toshe jijiyar. A hanyar abinci roba muke sawa. A ƙaramin hanji roba ba ta cika dacewa ba, bangon siriri ne, jijiyar kuma takan fi bakin robar faɗi, in robar ta faɗi ta bar rami sai zubar ta fi ta da. An fi amfani da wani gam na musamman da ake tsirta wa jijiyar ta kyamara ya daskare nan take. In kyamara ba ta isa wurin, likitocin hoto su bi ta cikin jijiya su cusa 'yan murɗaɗɗun wayoyi ko gam ɗin su toshe ta daga ciki. Sai dai toshe jijiya ɗaya bai sauke matsi ba, wata na iya buɗewa a gefe. Nan ne maganar TIPS ke shigowa, wato bututun da ake dasawa a cikin hanta ya haɗa jijiyar shiga da ta fita, jini ya samu hanyar wucewa. Masu ciwon ɓargo galibi hantarsu na aikinta, don haka sun fi masu ƙeƙasasshiyar hanta jure shi. Matsala biyu: idan gudan ya tsufa jijiyar ta shafe ta zama tarin ƙananan jijiyoyi, dasa bututun na da wuya ƙwarai. Kuma dole a duba zuciya da matsin jinin huhu tukuna, don duk jinin nan kan zuciya zai sauka.

Likitan Jini: Ban ƙi ba. Sai dai kafin wuƙa ina so in san ko an gwada rage saifar da magani. Ummu Hanifa, me yake sha na ɓargon?

Ummu Hanifa: Haidiroksiyuriya tun farko. Bari in ɗauko ledar magungunan in duba sauran.

Likitan Jini: Akwai ruksolitinib, wanda aka amince da shi a Amurka tun 2011. A babban gwajin da aka yi, kusan kashi 42 cikin 100 na waɗanda suka sha, girman saifarsu ya ragu da aƙalla kashi 35 cikin wata shida. Ba ya narkar da tsohon guda, ba ya warkar da ɓargon, dashen ɓargo kaɗai ke iya wannan kuma ba kowa ke jure shi ba. Yana kuma sauke jini da ƙwayoyin tsayar da jini, wanda ga mai zubar jini abin lura ne. Akwai 'yan uwansa da suka zo daga baya, fakiritinib a 2022 don masu ƙwayoyin tsayar da jini ƙasa da 50,000, da momelotinib a 2023 don masu ƙarancin jini. Ku tambayi likitansa ko ɗaya ya dace da shi. Wanda ya riga ya fara ruksolitinib kuma kada ya yanke shi rana ɗaya don ya ga jini, ciwon na iya dawowa da ƙarfi. A hankali ake sauke shi.

Ummu Hanifa: Innalillahi. Dakta na zazzage ledar. Akwai haidiroksiyuriya, wafarin, folik asid, sai asfirin ƙarami wanda yake sha tun kafin a fara wafarin, ban san ko an ce ya ci gaba ba. Sai wani kati na dikilofenak saura ƙwaya uku. Na tambayi Mama ta ce ƙasusuwansa ne ke ciwo da dare, yakan sha biyu.

Sista Mai Aikin Dare: Kai! Ummu Hanifa, yanzu-yanzu ki ɗauki ledar nan yadda take ki kai wa likitan da ke kansa. Kada ki jira zagayen safe. Sun sani?

Ummu Hanifa: Ban jin sun sani. Da aka tambaye mu magungunansa, na asibiti muka lissafa.

Likitan Hanta: Wafarin da asfirin da dikilofenak a ciki ɗaya, ga kumburarrun jijiyoyi. Dikilofenak da ibufurofen da danginsu suna raunana ƙwayoyin tsayar da jini, suna kuma cin bangon tumbi da hanji. Ba su ne suka kumbura jijiyar ba, amma wannan bayani zai canza lissafin masu duba shi, har da maganar dawo da wafarin. Asfirin ɗin su za su ce a bari ko a ci gaba. Ciwon ƙashin kuma na ciwon ne, a faɗa musu su ba shi abin da ba ya taɓa jini.

Yaya Babba: Ni na kawo masa shi. Ya ce min ƙafafunsa na hana shi barci. Wata biyu ke nan.

Abu Nabil: Kada ka ɗora wa kanka, Yaya. Ni ma sai da na sha irinsa sau nawa kafin wani ya gaya min. Tausayi ne ya sa ka.

Maman Biyu: Wallahi kuwa. Wa ya sani in ba an faɗa masa ba.

Yaya Babba: Na gode. Amma tunda ana magana, akwai abin da ya tsaya min a rai. Jininsa na 7 da ɗigo 4 yau, muka ce ga mu a ɗebi namu a ƙara masa ya kai ko 10, suka ƙi. Wannan kuma fa?

Likitan Hanta: Da gangan ne. Idan ka cika jijiyoyin da jini, matsin ƙofar hanta na tashi, wurin da ya fara toshewa ya sake ɓallewa. An yi babban bincike a birnin Basalona na ƙasar Sifen, aka buga a 2013: masu zubar jinin ciki da aka jira sai jininsu ya sauka ƙasa da 7 kafin a ƙara musu sun fi rayuwa kan waɗanda ake ƙara wa tun daga 9, kuma zubar ba ta cika dawo musu ba. Don haka ake riƙe shi tsakanin 7 da 8. Ban da mai ciwon zuciya, ko wanda jinin ke ɓulɓula a lokacin, su ba a jiran lamba. Ruwan da ka ga an rataya masa mai tafiya a hankali kwana da kwanaki, wataƙila oktiriyotayid ne ko talifiresin, masu rage jinin da ke kwarara zuwa jijiyoyin ciki.

Yaya Babba: Oktiri ɗin nan ne, na ga an rubuta a jikin robar. To shi ke nan. Kan saifa dai ban sauka ba tukuna, tunda ga likita ɗaya ma ya ɗan goyi bayana.

Likitan Hanta: Na ce kada a jinkirta in lokacinta ya yi. Ban ce ya yi ba.

Ɗan Autan Inna: Ni mahaifiyata ce ke da yawan ƙwayoyin tsayar da jini, nata sun haura miliyan ɗaya. Ke nan ita ba ruwanta da zubar jini ko?

Likitan Jini: Akasin haka ma. Idan suka yi yawa sosai, daga wajen miliyan ɗaya zuwa sama, sukan cinye wani sinadarin jini da ke taimaka musu mannewa, sai mutum ya riƙa zubar da jini duk da yawansu. Shi ya sa a irin wannan adadin akan yi awo kafin a ba da asfirin. Ka buɗe mata zance daban ka sa sakamakonta, kada mu cakuɗa da na Baba.

Ummu Hanifa: Salam 'yan uwa, kwana biyar ban leƙo ba. Na kai ledar a daren nan, likitan ya riƙe kai. An cire dikilofenak da asfirin. Shekaranjiya aka shiga da shi ɗakin hoto, suka bi ta jijiya suka toshe wurin da wayoyin nan da Dakta ya faɗa, awa biyu da rabi. Tun daga nan bayan gidan ya fara komawa kalarsa, jinin na 7 da ɗigo 9 bai sauka ba. An fara masa kabedilol don sauke matsin, suna auna bugun zuciyarsa safe da yamma. Sun ce jijiyar ƙofar hantar ba ta shafe duka ba, don haka TIPS na nan a ajiye in an buƙata. Ƙwayoyin tsayar da jininsa 88,000, likitan jini ya ce za a zauna kan ruksolitinib in ya ƙara kwana biyu lafiya. Yaya ya tambaye su saifa har sau biyu, sun ce ba yanzu ba. Gobe za a fara allurar hefarin, ƙaramin awo.

Yaya Babba: Sau uku ne.

Maman Biyu: Alhamdulillah! Allah ya ƙarasa sauƙi.

Ummu Hanifa: Amin. Sista, sun ce in an sallame mu ni zan riƙa yi masa allurar a fatar ciki. To ga saifa ta cika gefen hagu, ina tsoro. Ina zan soka?

Sista Mai Aikin Dare: Allurar gajeriya ce, a kitsen ƙarƙashin fata take tsayawa. Ki tattaro fatar da yatsu biyu ki ɗaga, ki riƙe har ki gama, kada ki murza wurin bayan kin zare. Amma tunda ya rame kuma cikin a miƙe yake, ki ce wa nas ɗin ɗakin ta duba ko cinya ta fi, ta tsaya a kanki ki yi ta farko a gabanta kafin ku fita.